Rumbun Kwamfuta Ya Fara Ciwo? A Kwashe Hatsi Kafin A Kira Magini

Ƙarshen zangon karatu ya matso, kuma duk wanda ya bi ta titin Ahmadu Bello a Nassarawa GRA da safe zai ga irinmu rataye da jakunkuna, wasu sun nufi ɗakin karatu na Murtala Muhammad, wasu kuma ofisoshin unguwar inda suke zaman sanin makamar aiki. Kusan kowace jaka akwai laftof a ciki, kuma a cikin kowace laftof akwai abin da ya fi ta daraja: babi uku na kundin kammala digiri, amsoshin takardun tambaya da aka sha rana ana rabawa, kwafin sakamakon WAEC da NECO da takardar JAMB, da hotunan bikin gida waɗanda babu su a ko'ina sai nan.

Duk waɗannan suna zaune ne a cikin wani ɗan ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, wanda masu gyara ke kira had-dis. Mu a nan za mu kira shi rumbu, domin aikinsa ke nan: ajiya. Manomin da ya ga rumbunsa ya tsage ana tsakiyar damina, buhuna yake fara nema ya kwashe hatsinsa, sannan daga baya ya aika a kira magini. Mu kuwa da yawanmu da zarar kwamfuta ta fara tangarɗa, sai mu ruga neman gyara, a garin gyaran kuma a share abin da muke kuka a kai. Abin da za mu tattauna a wannan mako ke nan: yadda za mu gane rumbu ya fara ciwo, da abin da ya kamata ya zo a farko da wanda zai biyo baya.

Me ke cikin rumbun?

Rumbun kwamfuta na farko da aka sayar a duniya kamfanin IBM na Amurka ne ya fitar da shi a 1956. Faifai 50 ne a cikinsa, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinsa ya kai kusan tan guda, amma abin da yake iya ɗauka bai kai megabait 4 ba, wato kamar hoto ɗaya na wayar zamani. Wanda ke cikin laftof ɗinmu yau yana ɗaukar gigabait 500 ko terabait 1, sai dai tsarin aikin bai sauya ba. Akwai faifai mai maganaɗisu da ke juyawa, akwai kuma wani siririn hannu mai ɗauke da allurar da ke rubutu da karatu.

A laftof, faifan yakan juya sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa. A kwamfutar tebur yakan kai 7,200. Allurar ba ta taɓa faifan, tana shawagi ne a kan iskar da juyawar ta haifar, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai nanomita 10 ba, alhali kaurin silin gashin kai ɗaya ya kai nanomita 70,000. Idan muka riƙe wannan a kai, sauran bayanin zai zo da sauƙi. Duk abin da zai sa allurar ta dunguri faifan, to ya kankare wurin da rubutunmu yake, kuma ɓurɓushin da ya tashi zai ci gaba da karce wasu wuraren muddin faifan na juyawa.

Abin da ke kashe shi a wajenmu

Na farko shi ne tsufa. A 2013, kamfanin ajiyar bayanai na Backblaze da ke Kalifoniya ya fitar da lissafi a kan rumbuna sama da 25,000 da yake amfani da su. Ya gano cewa a shekara ɗaya da rabi na farko, kimanin kashi 5 cikin 100 ne ke mutuwa a shekara, sannan adadin ya sauko ƙasa da kashi 2, amma da zarar an haura shekara 3 sai ya tashi zuwa kusan kashi 12. Mu tambayi kanmu: laftof nawa ne a ajinmu aka saya sabuwa fil a kwali? Mafi yawa tokumbo ne daga titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, waɗanda sun riga sun yi wa wani ofis a Turai ko Amurka hidimar shekaru kafin su iso Kano. Jikin na iya zama fes, amma rumbun ya daɗe da shiga shekarun haɗari.

Na biyu shi ne girgiza. Mukan ɗauki laftof tana kunne mu dire ta a kan benci, ko mu rufe murfin mu cusa ta a jaka nan take mu faɗa Adaidaita Sahu tun faifan bai gama tsayawa ba. Daƙiƙa goma na jira har fitilar ta nuna ta yi barci ya ishe mu kauce wa wannan.

Na uku shi ne wuta. Ko a GRA ana ɗauke wuta, ana kuma sauyawa daga wutar gari zuwa janareta ko sola. Laftof mai lafiyayyen batir ba ta ji, amma wadda batirinta ya mutu, ko kwamfutar tebur da babu UPS, mutuwa take yi farat ɗaya. Idan hakan ta faru ana tsakiyar rubutu a faifai, fayil na iya lalacewa, wani lokaci har da jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake.

Na huɗu shi ne zafi da ƙura. A watan Afrilu zafin Kano kan haura maki 40, a hunturu kuma ƙura na toshe hanyar iskar fanka. Galibin kamfanoni sun sa iyakar zafin da rumbu zai yi aiki a tsakanin maki 55 zuwa 60, kuma laftof da aka ɗora a kan katifa da rana tsaka ba ta da nisa da wannan iyaka.

Alamomin da bai kamata mu raina ba

Rumbu yakan yi magana kafin ya mutu, idan muna saurare. Buɗe folda guda ya ɗauki minti biyu. Ana kwafin fayil ya tsaya cak a wuri ɗaya kullum. Takardar da muka rubuta jiya ta ƙi buɗewa, ko ta buɗe da wasu baƙaƙe marasa ma'ana. Windows ya riƙa cewa yana duba rumbu duk lokacin da aka kunna. Fuskar kwamfuta ta riƙa komawa shuɗiya tana mutuwa. Mafi muni a cikinsu ita ce ƙara: ƙyas, ƙyas, ƙyas a jere, ko sautin gurza, ko a ji faifan ya fara juyawa ya tsaya, ya sake farawa ya tsaya.

Sai dai ba kowane nauyi ba ne ciwon rumbu. Laftof mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 da aka buɗe wa shafuka 20 na intanet dole ta yi nauyi. Ƙwayar cuta ta kwamfuta ma na kawo hakan, haka nan Windows idan yana sabunta kansa a ɓoye. Ƙarar fanka kuma daban take, huci ne mai ɗorewa da ke ƙaruwa idan jiki ya yi zafi, ba ƙyas-ƙyas mai tsari ba. Rumbun waje wanda ake jonawa ta USB kuwa, sau da yawa wayarsa ce ta lalace ko ramin jonawar ba ya ba shi isasshiyar wuta, don haka a fara sauya waya da rami kafin a yanke masa hukunci.

Yadda za mu tambayi rumbun da kansa

Tun tsakiyar shekarun 1990 rumbuna ke zuwa da wani tsari mai suna SMART, wanda ke rubuta tarihin lafiyarsu a cikinsu. Hanya mafi sauƙi ta karanta shi ita ce manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce kuma ba ta da nauyi, ana ma iya ɗora ta a filash a buɗe ba tare da an girka ta ba. Tana nuna launi uku: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma haɗari.

Kada mu tsaya a launi kawai. A jerin da ke ƙasa kowane layi na da lamba a hagu, a ƙarshen dama kuma akwai ainihin ƙidayar. Layi 05 na nuna guraben da suka lalace har rumbun ya maye su da na ajiya. Layi C5 na nuna guraben da ya kasa karantawa yana jiran ya ga ko za su gyaru. Layi C6 na nuna waɗanda suka gagara. A lafiyayyen rumbu duka ukun sifiri ne. Idan ba sifiri ba ne, musamman idan adadin ya ƙaru tsakanin yau da gobe, to rumbun yana kan hanyarsa. Layi C7 shi ne mai daɗin labari: idan shi kaɗai ne ke hawa, matsalar ta waya ce ko mahaɗi, ba ta faifai ba.

A saman shafin kuma akwai adadin awannin da rumbun ya yi yana kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka wanda ya nuna 26,000 ya yi kusan shekara 3 yana juyawa ba hutu. Wannan lamba ce da ya kamata mu duba a gaban mai shago kafin mu biya kuɗin laftof, ba bayan mun kai ta gida ba.

Idan Windows ya ƙi tashi ma akwai hanya. A HP, danna F2 da zarar an kunna yana buɗe gwajin da ke cikin na'urar. Lamba 301 na nufin SMART ya yi gargaɗi, 3F0 kuma na nufin ba a ga rumbun da za a tashi daga shi ba, wanda kan iya zama mutuwa, kan iya zama kuma mahaɗin ne ya yi sako-sako. A Dell ana shiga ta F12, kuma lamba 2000-0142 na nufin rumbun ya faɗi gwaji.

Nawa za mu dogara da SMART? A 2007 wasu injiniyoyin Google su uku sun fitar da nazari a kan rumbuna sama da 100,000. Sun gano cewa rumbun da ya maye gurbi na farko, yiwuwar ya mutu cikin kwana 60 ta ninka ta sauran fiye da sau 14. Amma sun kuma gano cewa sama da kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba ko ɗaya. Ma'ana, idan ya ce akwai ciwo mu yarda da shi, idan ya ce lafiya lau kada mu saki jiki.

Abin da za a yi, bi da bi

Mataki na farko: mu daina amfani da kwamfutar. Ba kallon fim, ba sauke manhaja, ba "bari in ƙarasa wannan babin tukuna". Rumbu mai ciwo ba mu san adadin awannin da suka rage masa ba, kuma kowace awa da muka kashe a wani abu mun rage ta ne daga lokacin ceto.

Mataki na biyu: idan har yanzu yana buɗewa kuma ba ya ƙara, mu kwashe kaya zuwa filash ko rumbun waje, amma bisa tsari. A fara da ƙananan abubuwan da ba su da madadi: kundin digiri, alƙaluman bincike, takardun shaida, sannan hotuna. Fina-finai da waƙoƙi da manhajoji su zo ƙarshe, ko ma a bar su, domin ana iya samunsu a wajen wani. A riƙa kwafa folda-folda, kada a ja komai gaba ɗaya. Fayil ɗin da ya maƙale a tsallake shi, kada a yi ta maimaitawa, domin tilasta wa allura karanta wuri mai rauni na ƙara raunin ne.

Mataki na uku: idan Windows ya ƙi tashi amma rumbun na juyawa shiru, fayilolin na nan a mafi yawan lokuta. Ana iya ciro rumbun a saka shi a ɗan akwatin USB da ake sayarwa a kasuwa a jona a wata kwamfutar, ko a tashi laftof ɗin da Ubuntu daga filash a kwashe kaya. Wanda rumbunsa ke kulle da BitLocker zai buƙaci makullinsa mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusunsa na Microsoft. Gara a nemo shi tun yau a rubuta a takarda.

Mataki na huɗu: idan kwafi na yawan maƙalewa, abin da ƙwararru ke yi shi ne ɗaukar hoton rumbun gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye mai girmansa ko wanda ya fi shi. Manhajar ddrescue ta Linux an yi ta ne don haka. Tana fara kwashe wurare masu lafiya da sauri, tana tsallake masu rauni, sai a ƙarshe ta dawo musu, kuma tana rubuta inda ta tsaya, ko da an ɗauke wuta za a ci gaba daga nan. Bayan an gama, a kan kwafin ake gudanar da manhajojin tono fayil irin su TestDisk da PhotoRec ko Recuva. Abin da aka tono kuma ba a ajiye shi a rumbun da ake tonowa, domin zai hau kan wanda ba a kai ga cirowa ba. Wannan aiki ne da abokanmu na sashen kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero da sauran makarantu za su iya taimakawa a kai.

Mataki na biyar: idan ana jin ƙyas-ƙyas ko gurza, a kashe nan take, kada a sake kunnawa don gwaji. Wannan ciwon ƙarfe ne, manhaja ba ta maganinsa. Sai kamfanin da ke da ɗaki na musamman marar ƙura ne zai iya buɗe shi ya sauya allura, kuma kuɗin aikin sau da yawa ya fi kuɗin laftof tokumbo. A nan ne mutum zai auna ko abin da ke ciki ya kai.

Garin neman gira

Akwai dabarun da ke yawo a tsakaninmu waɗanda ke ƙarasa mara lafiya. Saka rumbu a firiza na jawo raɓa a kan faifai. Bubbuga shi na iya sa allura ta karce wurin da yake lafiya. Kwance murfinsa a kan teburin shago, a garin da ƙura ke shiga ko ta ina, hukuncin kisa ne. Umarnin chkdsk da manhajojin da ke iƙirarin gyara gurabe kuwa suna sa rumbun ya karanta kowane lungu na tsawon awanni, kuma suna sauya abin da ke ciki. Suna da amfani, amma bayan an kwashe kaya.

Babbar asarar da ta fi yawa ita ce ta fomat. Mai gyara na da layin mutane a gabansa, kuma hanya mafi sauri ta sa kwamfuta ta tashi ita ce ya share komai ya sake saka Windows. Idan ba mu yi magana ba, zai ɗauka abin da muke so ke nan. Don haka kalmar farko da za ta fita daga bakinmu ita ce: "Injiniya, don Allah kada a yi fomat, akwai aikin makaranta a ciki, a fara kwashe mini shi." Haka nan idan Windows ya nuna saƙon cewa sai an yi wa rumbu fomat kafin a buɗe shi, amsar ita ce a'a.

Akwai kuma batun sirri, musamman ga 'yan uwanmu mata. Rumbu na ɗauke da hotuna, da lambar NIN, da kalmomin sirri da manhajar shiga intanet ta adana. Ya fi kyau mu zauna a yi aikin a gabanmu, ko mu je da wani yaya ko ƙani. Idan aka sauya rumbu, a karɓo tsohon a tafi da shi gida. Wanda ya gagara tashi a hannunmu na iya buɗewa a hannun wani.

Bayan an ceto kaya

Rumbun da ya fara maye gurabe ba a sake ba shi amana, ko da fomat ya sa ya yi kamar ya warke. A sauya shi, kuma idan da hali a sa SSD. Shi babu faifai babu allura, girgizar Adaidaita Sahu ba ta damunsa, kuma yana sa tsohuwar laftof ta yi sauri. Amma shi ma yana mutuwa, kuma nasa salon ya fi ban tsoro: ba ya ƙara, yakan ɗauke ne kawai, sannan tono fayil ɗin da aka goge a cikinsa ya fi wuya ƙwarai.

Saboda haka maganin gaskiya ɗaya ne, wato kwafi. Akwai ƙa'idar 3-2-1 da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi 3, a kan na'urori iri 2, 1 daga ciki a wani wuri daban. A wajen ɗalibi wannan na nufin laftof, da filash da ba ya kwana a jaka ɗaya da laftof ɗin, da kuma intanet. Google na ba kowane mai Gmail gigabait 15 kyauta, kundin digiri kuwa da wuya ya wuce megabait 20, ko datar kallon gajeren bidiyo bai kai ba. Tura wa kai babin da aka gama ta imel kowane dare ya wadatar, kuma yana barin tsofaffin kwafi da kwanan wata idan malami ya ce a dawo da abin da aka cire.

A riƙa buɗe kwafin ana gwadawa kuma. A 1998 wani umarni da aka bayar bisa kuskure ya goge mafi yawan fayilolin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, da aka koma ga kwafin ajiya sai aka tarar ya daɗe da lalacewa ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. Idan kamfani mai injiniyoyi ya tsira da ƙyar haka, ina ga mai filash ɗaya da ya saya a bakin titi?

Aikin gida na wannan mako guda biyu ne, kuma ba za su ci minti 15 ba. Mu buɗe CrystalDiskInfo mu duba layi 05 da C5 da C6 da adadin awanni. Sannan mu tura fayil mafi muhimmanci da muke da shi zuwa imel ɗinmu kafin mu kwanta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma daren da za a miƙa kundi ba daren neman mai gyara ba ne. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.